Me ya sa sojoji ke korar mutane daga inda jirginsu ya faɗi, kuma ya ake binciken?

Tambayar da aka yi ita ce, in jirgin soja ya faɗi me ya sa da zuwan sojoji sai su zagaye wurin su kori kowa har da waɗanda suka fara kai ɗauki, akwai abin da ake ɓoyewa ne? Sannan ta yaya ake gane abin da ya kayar da jirgi bayan ya ƙone ƙurmus?

To ɗan'uwa, ɓangaren kiyaye haɗurran jiragen sama shi ne aikina, bari in faɗa maka yadda abin yake. Sirri kam akwai shi, ba zan ce maka babu ba, akwai na'urorin sadarwa da na rada da na ɓoye saƙo waɗanda babu rundunar da zata so su faɗa hannun kowa. Amma wallahi wannan shi ne ƙaramin dalili. Babban dalilin shi ne jirgin soja in ya faɗi bai gama kisa ba, kamar macijin da aka sare wa kai ne, kana ganin ya mutu ka kai hannu ya sare ka. Kuma hannun nan da zaka kai ka ji ciwo, shi ne dai hannun da zai goge shaidar da masu bincike ke nema, shi ya sa da an fitar da masu rai, sauran aikin gaba ɗaya a hankali ake yin sa.

Fara da kujerar matuƙi. A jirgin yaƙi akwai roka a ƙarƙashin kujerar da wasu ƙananan harsasai masu tayar da ita, aikinta ta cillo mutum waje cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba, da ƙarfin da sai nauyin jikinsa ya ninka sau 12 ko fiye. In matuƙin bai samu damar ja ba, ko jirgin mai kujera biyu ne ɗaya ta tashi ɗaya ta tsaya, to tana nan a ɗane, ga shi faɗuwar ta riga ta lanƙwasa ƙarafan da ke riƙe da ita. Madaukin da ake ja ɗin ratsin rawaya da baƙi ne da shi, yawanci tsakanin cinyoyin matuƙi yake, to kaga mutum ya zo da zuciya ɗaya zai ciro fayilot, ya sunkuya a kansa, ya rasa abin kamawa sai wannan madaukin. Daga shi har wanda ya zo ceto babu mai kai labari. Wasu jiragen kuma a jikin gilashin saman kan matuƙin akwai wata siririyar igiya da aka manna, in ka gan ta zaka ɗauka wayar lantarki ce, alhali abin fashewa ne da ke tarwatsa gilashin kafin kujera ta fita. Duk abin da ka ga an yi masa fentin rawaya da baƙi, ko jar alama mai kusurwa uku a gefen jirgi, ba naka ba ne.

Sai makamai. Bam ko roka ko makami mai linzami in wuta ta lulluɓe shi mintuna kaɗan yake ɗauka kafin ya tashi da kansa. A 1967 a jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen sama, USS Forrestal, wata roka ta kuɓuce ta bugi wani jirgi, mai ya zube wuta ta kama, ƙwararrun 'yan kwana-kwana suka ruga, minti ɗaya da rabi kacal bam na farko ya fashe ya tafi da mafi yawansu, a ƙarshe mutum 134 suka mutu. Har yau da wannan ake koyar da masu kashe gobarar jirage. Littafin da masu agajin gaggawa na Amurka da Kanada ke amfani da shi cewa ya yi in wuta ta kai ga lodin manyan abubuwan fashewa a janye kowa mita 1,600 ta kowane gefe a bar ta ta ci. Saboda haka in ka ga an ja igiya can nesa har kana cewa wannan wane irin iko ne, lissafi ne ba iko ba. Ko jirgin da bai ɗauko bam ba zaka iya samun harsasan bindiga a cikinsa, da 'yan gwangwanayen wutan nan da yake watsawa don ya ruɗar da makami mai bin zafi, su kuma magniziyam ne a ciki, ruwa baya kashe su, ƙara musu haushi ma yake. Waɗannan ƙanana su ne yara ke tsinta su sa a aljihu. Sannan ba a tunkarar jirgin yaƙi ta gaban hancinsa inda bakin bindiga da rokoki ke kallo, ba a tsayawa daidai bayan makami, kuma ba a kunna rediyon hannu ko buga waya a gindin makaman saboda wasunsu da siginar lantarki ake tayar da su.

Akwai kuma wanda ba a gani. Jirgin yaƙi F-16, wanda ƙasashe da yawa ke da shi, yana ɗauke da wani sinadari haidirazin, wajen lita 25, na injin ko-ta-kwana ne da ke ba jirgin wuta in babban injin ya mutu. A ido kamar ruwa yake, warinsa irin na amoniya, yana ƙona fata da huhu, yana taɓa hanta, kuma ana lissafa shi cikin masu jawo kansa. A Janairun 2015 da F-16 na Girka ya faɗa kan jiragen da ke ajiye a sansanin Los Llanos kusa da Albasete a Sifen, mutum 11 suka rasu, 9 Faransawa 2 Girkawa, haidirazin ɗin nan ya sa aka jinkirta ɗauke gawarwakin har sai da aka tsaftace wurin. A cikin sansanin soja fa kenan, inda kayan aiki suke a hannu.

Amma abin da ni na fi jin tsoro a madadin jama'a shi ne zaren kabon, don shi baya fashewa, baya wari, babu abin da zai gargaɗe ka. Jiragen zamani babban ɓangaren jikinsu ba ƙarfe ba ne, zare ne na kabon da aka saƙa aka haɗe da wani irin gam mai tauri, F-35 kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin gangar jikinsa irin wannan ne, helikwaftoci ma haka. In wuta ta ci, gam ɗin ya ƙone ya bar zaren tsirara. Zaka gan shi baƙi, laushi-laushi, yana lilo a bakin karyayyen fiffike, in ka taɓa sai ya marmashe ya bi iska, wasu ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da zasu wuce har can cikin huhu. Wanda bai ƙone ba kuma in ya karye tsinke-tsinke yake yi masu kaifi, su huda safar roba su shige tafin hannu su karye a ciki. Shi ya sa zaka ga masu aikin da farar riga mai rufe jiki duka, da takunkumi mai matata ba irin na asibiti ba, da tabarau, da safar fata a kan ta roba. Da wuta ta mutu tarkacen ya huce, sai a bi shi da feshi, sau da yawa man goge daɓe ne kawai ake sirkawa da ruwa, ya bushe ya danne zaren kada ya tashi. Ba a barin helikwafta ya yi shawagi ƙasa-ƙasa a kan wurin don iskarsa zata watsa komai. Ba a ci, ba a sha, ba a shan taba a cikin igiya. Ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita, akwai mai rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin, saboda in bayan shekaru wani ya fara ciwon ƙirji a san ya taka wurin. To yanzu ka kwatanta da wanda ya zo da silifas ya yayibi guntun fiffike ya kai ɗaki ya ajiye wai tarihi.

Sauran kuwa da yawa, tulunan oksijin, bututun haidirolik mai matsin da zai huda fata, tayoyin da suka yi zafi, batir ɗin litiyam da kan sake kamawa bayan an kashe, da jini da sassan jiki da ke iya ɗauke da ciwon hanta. Wasu jiragen ma da ɗan sinadari mai tururin nukiliya a cikinsu. Helikwaftan CH-53D na Amurka da ya faɗa wata jami'a da ke Okinawa a Japan a Agustan 2004 yana da sitirontiyam-90 a na'urar da ke lura da tsagewar fukafukansa. A can ne kuma sojojin Amurka suka killace wurin suka hana 'yan sandan Japan shiga a cikin ƙasarsu, abin ya jawo fushi sosai, kuma a ganina fushin yana kan hanya, don irin wannan ne ke sa mutane su daina yarda in an ce musu don lafiyarku ne. Mafi muni shi ne Palomares a Sifen a 1966, da jirgin kai bama-bamai na Amurka B-52 ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a sama, bama-baman nukiliya huɗu suka faɗo, biyu suka tarwatse suka watsa fulutoniyam a gonaki, sai da aka kwashe ƙasa sama da tan 1,000 aka kai Amurka.

In kai ne ka fara isa fa? Ka kira agaji tukuna ka faɗi cewa jirgin soja ne. Ka ba wa iska baya, hayaƙin ya riƙa tafiya gaba ba ya zo maka ba, in wurin gangare ne ka tsaya ta sama don mai gangarowa yake. Wanda ya fito da ƙafarsa ko aka cillo shi nesa da tarkacen, shi zaka taimaka wa. Matuƙin da ya sauko da laima ka ɗauka cewa ƙashin bayansa ya taɓu ko da yana magana garau, kar ka ɗaga shi zaune, kar ka cire masa hular kwano sai in numfashi ya gagara, ka dai danne laimar kar iska ta ja shi a ƙasa. In yana cikin hayyacinsa tambaye shi su nawa ne a ciki kuma me jirgin ya ɗauko, ya fi kowa sani. Kuma ganin matuƙi baya nufin jirgin yana kusa. A 1989 wani MiG-23 na Tarayyar Sobiyet matuƙinsa ya fice a Folan, jirgin ya ci gaba shi kaɗai kusan kilomita 900 ya je ya faɗa kan wani gida a Beljiyam ya kashe wani saurayi. A 2023 ma F-35 ya yi irin haka a Karolaina ta Kudu, ya yi tafiyar sama da kilomita 100 babu kowa a ciki, sai da aka kwana ana nemansa.

Yanzu binciken. Dokar binciken haɗarin jirgi ta duniya, wadda ake ce wa Annex 13 a ƙarƙashin ICAO, hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, jiragen farar hula ta shafa, don yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta cire jiragen soja da na kwastan da na 'yan sanda. Saboda haka kowace runduna da nata tsarin, ƙasashen NATO kuma suna da yarjejeniyarsu ta yadda za a yi in jirgin wata ƙasa ya faɗi a wata.

Abin da mutane basu sani ba, aikin sa'o'in farko rabinsa a sansanin da jirgin ya taso ake yin sa. Nan take a kulle littafin gyaran jirgin kafin wani ya tuna akwai layin da bai cike ba, a killace tankar da ta ba shi mai a ɗebi samfur, a ajiye rikodin hasumiya da na rada, a ƙirga kayan aikin makanikai ko akwai sifana ɗaya da bata dawo ba, a ɗebi jini da fitsarin matuƙa da waɗanda suka taɓa jirgin, a rubuta yadda matuƙin ya yi kwana uku na ƙarshe, barcinsa, cin abincinsa, magungunan da ya sha.

A wurin faɗuwar kuma, bayan masu kwance bam sun ce an iya shiga, zagayen farko hannu a aljihu ake yin sa. Kallo kawai da hoto, daga ƙasa da kuma ta sama da jirgi mara matuƙi. Abin da aka fara nema kusurwoyi huɗu ne, hanci, wutsiya, da bakin fiffike biyu. In duk suna nan jirgin ya iso ƙasa a haɗe, in babu ɗaya sai a koma baya ta hanyar da ya biyo, watakila yana can kilomita biyar baya kuma shi ne ya fara ɓallewa. Rami mai zurfi da tarkace a tattare yana nuna ya sako kai tsaye, tarkacen da ya yi dogon layi kuma ya zo da gudu ne a kwance. Yadda ya aske kan bishiyoyi ma yana ba ka kusurwar da ya sauko.

Daga nan sai karatun ƙarfe, kuma nan ne daɗin aikin yake. Injin da ke juyawa da ƙarfi lokacin da ya bugi ƙasa zaka ga fukafukan fankarsa sun lanƙwashe duk gefe guda, akasin inda yake juyawa, ya haɗiyi ƙasa da ganye har can ciki. Wanda ya riga ya mutu a sama kuwa gefen da ya bugu ne kawai zai lotse. Ƙarfen da ya karye saboda bugu bakinsa kaushi ne da ƙyalli, wanda ya daɗe yana tsagewa a hankali kuma zaka ga wasu layuka masu gantsarewa jere da juna, wurin ya yi santsi ya ɗan yi duhu, in aka sa a madubin ƙara girma har a iya kimanta tashi nawa jirgin ya yi da tsagar. To kaga in wani ya ɗauki gutsure biyu ya haɗa bakinsu don ya ga ko sun dace, ya goge wannan rubutun kenan har abada, kuma wallahi manyan hafsoshi ma na yin haka in sun zo ziyara. Wuta ma tana da nata. Wadda ta kama a sama baƙin hayaƙinta layi yake yi ya bi hanyar iska zuwa baya, narkakken alminiyam, wanda ke narkewa wajen digiri 660, ya fantsama ya manne a wutsiya. Ta ƙasa kuwa hayaƙinta sama yake yi, narkakken ƙarfen ya taru a gindi. A tsofaffin jirage har ƙwan fitilar gargaɗi ake cirewa, in tana kunne lokacin bugun siririyar wayar ciki tana da zafi sai ta miƙe ta saki, in a kashe take sai ta karye ƙas. Da wannan ɗan abin zaka san wace fitila matuƙi ya gani a sakan ɗinsa na ƙarshe. In ana zargin tsuntsu ne a kankare ɗan jini da gashin da ya manne a injin a kai ɗakin gwaji, kar ka raina wannan, dinya ce ta kayar da katon jirgin rada E-3 a Alaska a 1995 mutum 24 suka mutu.

Baƙin akwati mai naɗar bayanan jirgi, wanda a zahiri launinsa ruwan lemo ne, an yi shi ya jure wutar digiri 1,100 na awa guda da bugu mai tsananin gaske. In daga teku aka ciro shi a cikin ruwa ake tafiya da shi har ɗakin gwaji, don in ya bushe gishiri zai ci allon ciki. Sai dai tsofaffin jiragen soja da yawa basu da shi sam. A na zamani kuma kusan kowace kwamfuta a jirgin tana da ɗan guntun ma'ajiyar da ke riƙe bayanai ko wuta ta ɗauke, wani bai fi farcen yatsa ba, kuma irinsu ne ke tafiya a aljihun masu tsince-tsince.

Shaidu ana jin su ɗaya bayan ɗaya kuma da wuri, kafin su zauna su haɗa labari ya zama iri ɗaya. Kusan kullum sai ka ji wani ya rantse cewa jirgin da wuta ya faɗo, ba ƙarya yake ba, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa ƙwallon wutar da ya gani a ƙasa da abin da ya gani a sama. Ga shi sauti mita 340 yake yi a sakan, wanda ke nesa da kilomita ɗaya sai bayan sakan uku zai ji ƙarar abin da ya riga ya gani, jerin abubuwan sai ya rikice masa.

Duk wannan yana ba ka abin da ya faru ne. Me ya sa ya faru, shi ne mai wuyar, don nan ake taka manyan mutane. Jirgin Amurka B-2 da ya faɗi a tsibirin Guwam a Fabrairun 2008, jirgin dala biliyan 1.4, danshi ne ya shiga na'urorin auna iska suka ba kwamfutar jirgin bayanan ƙarya. Abin haushin, akwai ma'aikatan da suka riga suka gano dabarar kunna hita a busar da na'urorin kafin a saita su, amma ba a taɓa rubuta ta a hukumance ta isa ga kowa ba. Jirgin Nimrod na Birtaniya da ya kama wuta kusa da Kandahar a 2006 mutum 14 suka mutu, mai ne ya zubo ya taɓa bututun iska mai zafi, amma rahoton binciken da lauya Haddon-Cave ya fitar a 2009 ya bi sawun abin har zuwa shekarun da aka yi ana rage kuɗi da takardun tabbatar da lafiyar jirgin da aka cike don a ce an cike, daga nan ne aka kafa hukumar sa ido kan jiragen soja ta Birtaniya a 2010.

Hanya mafi sauƙi kullum ita ce a ce laifin matuƙi ne, musamman in ya mutu. Helikwaftan Chinook na Birtaniya da ya faɗi a Mull of Kintyre a Sukotlan a 1994, mutum 29, babu baƙin akwati a cikinsa, amma aka yanke cewa matuƙan biyu sun yi mummunan sakaci, iyalansu suka yi shekara 17 suna fafutuka kafin a janye hukuncin a 2011. Shi ya sa nake ganin tsarin sojan saman Amurka na kwamiti biyu yana da hikima duk da ana sukarsa. Na farko na kariya ne zalla, yana iya yi wa makanike alƙawarin cewa abin da ya faɗa ba za a hukunta shi da shi ba, kotun ƙolinsu ma ta amince da wannan sirrin a 1984. Na biyu shi ke fitar da rahoton da jama'a da lauyoyi ke gani. In ka haɗa su wuri ɗaya, wanda ya manta bai ɗaure noti ba zai yi shiru ne, gobe wani ya sake mantawa a wani jirgin. Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne rundunonin da ke cewa an kafa kwamiti daga nan shiru har abada, babu na farkon babu na biyun da wani ya gani. Wata ɗaya zuwa shekara ko fiye ba abin mamaki ba ne ga bincike mai kyau, sauri ya haifi nawa, amma shekara biyar babu ko shafi ɗaya wannan kam ɓoyewa ce.

In ka riga ka ɗauki wani abu daga wurin, kar ka jefar a bola kuma kar ka sa a mota ka kai musu da kanka, bar shi inda yake, fitar da mutane daga ɗakin, kira hukuma su zo, ka nuna musu daidai inda ka tsince shi. In kuma bidiyo ka ɗauka kafin jirgin ya faɗi, to kana riƙe da abu mai daraja, daga ƙarar injin da ke ciki kaɗai ana iya lissafa gudun da yake juyawa. Ka ba su ainihin fayil ɗin daga wayar, ba wanda ya bi ta WhatsApp ya matse ba, ka kuma kai su wurin da ka tsaya lokacin da kake ɗauka.